Fargabar Damina a Mayo Gwoi: Yadda Ake Rarrashin Zuciya

Idan hadari ya haɗu da daddare a Jalingo, ba kowa ke murna ba. Manomi yana godiya, amma magidancin da gidansa ke bakin rafi a Mayo Gwoi kunnensa yana kan rufin kwano, yana auna ƙarfin ruwan. Ambaliya ta sha shiga gidajen unguwar, kuma manyan gari ba su manta da watan Agustan 2005 ba, lokacin da ruwa ya karya gadar Nukkai aka yi asarar rayuka masu yawa. Ruwa yakan janye cikin kwana ɗaya ko biyu. Faɗuwar gaba kuwa takan zauna har kaka, ta haɗu da tunanin kuɗin haya, kuɗin makarantar yara da tsadar hatsi.

Abin da aka saba ce wa mai wannan hali shi ne, "Yi haƙuri, cire abin a ranka." Haƙurin babu laifi. Cirewar ce ba ta yiwuwa da ƙarfin tsiya. A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya umarci ɗalibai kada su tuna wata farar dabba har tsawon minti biyar, su buga ƙararrawa duk sanda ta faɗo musu a rai. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka ɗage hanin kuma, tunanin dabbar ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hana su ba. Damuwar da aka danne haka take yi: ta lafa da rana, ta taso da tsakar dare.

Akwai wata hanya, wato mutum ya tsaya ya dubi abin da ke ransa ba tare da ya yi faɗa da shi ba. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, yana koya wa masu ciwo mai daɗewa zaman natsuwa da lura da numfashi. Asalin darasin daga mabiya addinin Buddha ya ɗauko shi, amma ya tsame shi daga ibada ya mai da shi aikin asibiti. A wani binciken da aka wallafa a 2022, masu bincike ƙarƙashin Dakta Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown sun raba mutum 276 masu cutar fargaba gida biyu, wasu suka bi wannan shiri, wasu suka sha ƙwayar escitalopram. Bayan mako takwas sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan daidai.

Al'ummar nan ba baƙuwar natsuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa zama a da'irar wazifa, ko ya ga tsohuwa tana jan carbi bayan Asuba, ko ya shiga coci lokacin addu'ar shiru, ya san kamanninta. Malamai irin su Imam Gazali sun yi dogon bayani a kan muraƙaba da muhasaba, wato sa ido a kan zuciya da yi mata hisabi. Tun kafin shi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan tsoro, baƙin ciki da waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki kafin ciwo ya zo.

Zaman natsuwa ba ya cin ko sisi. Mutum ya samu minti goma, ya zauna a tabarma, bayansa a miƙe, tafin hannu a kan gwiwa. Ya bi iska da hankalinsa tana shiga tana fita. Ba za a daɗe ba zuciya za ta zille, ta tafi wajen mai bin bashi ko katangar da ruwa ya ci gindinta. Nan ne aikin yake: ya lura ta tafi, ya dawo da ita a hankali, ba tsawa, ba "ni dai ban da amfani". Idan tsoro ya taso, ya nemi inda ya sauka a jiki, ƙirji ne ya yi nauyi ko ciki ne ya murɗa, sannan ya kira shi da sunansa: "Wannan tsoro ne." Binciken hoton ƙwaƙwalwa da Matthew Lieberman ya jagoranta a 2007 ya nuna ambaton sunan abin da ake ji yana rage zaburar sashen da ke tayar da firgici.

Wannan zama ba ya hana ruwa zuwa. Amfaninsa shi ne mai natsuwa ya fi iya tsai da shawara: ya yashe kwata, ya ɗaga takardu da hatsi sama, ya saurari gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ya san gidan da zai kai iyali idan rafi ya cika.

Ba kuma kowane ciwo yake ɗauka ba. Wanda ya ga mummunan abu da idonsa, rufe ido na iya dawo masa da shi, don haka ya bar idonsa a buɗe, ya taƙaita zaman. Wanda ya yi mako biyu barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ko ya fara jin gara mutuwa, wurin likita ya kamata ya nufa, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru da ke Jalingo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Saura kira ga iyaye, limamai, fastoci da maƙwabta. Idan wani ya kawo kukansa, kada a yi saurin rufe masa baki da nasiha. A ba shi wurin zama, a tambaye shi me yake ji, a saurara har ya kai aya, in abin ya fi ƙarfin gida a raka shi asibiti.