Idan takardar sirri ta fita, wa firinta za ta nuna?

A Potiskum, garin da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ofisoshin hukumomi irin su INEC, kusan duk takardar gwamnati sai ta bi ta cikin firinta: jerin albashi, takardar canjin wurin aiki, sakamakon jarrabawa, har da tuhumar da aka aika wa ma'aikaci. Ana kulle kabad da kwaɗo, a sa wa kwamfuta kalmar sirri, amma na'urar da ke ganin komai an bar ta a kusurwa ba mai kula.

Manyan firintocin zamani, masu bugawa da kwafi da ɗaukar hoton takarda, da yawansu suna da rumbun ajiya kamar kwamfuta. A shekarar 2010, gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injinan kwafi, ya tarar da bayanan 'yan sanda da na marasa lafiya a cikinsu. A 2013 kamfanin inshorar lafiya na Affinity Health Plan ya biya sama da dala miliyan 1.2 saboda wannan sakaci.

A Najeriya ma doka ba ta yi shiru ba. Bayan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tilasta sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da ka iya cutar da su.

Gyaran bai da tsada. Da farko a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, domin ana samunta a intanet cikin sauƙi. A ba kowane ma'aikaci lambarsa, ta yadda takarda ba za ta fito ba sai mai ita ya tsaya a gaban firinta ya danna. A rufe hanyoyin sadarwar da ofis ba ya amfani da su, a kuma goge rumbun kafin a kai na'urar gyara ko gwanjo.

Mafi muhimmanci shi ne kunna rajistar ayyuka, wadda ke rubuta wanda ya buga, da sunan takardar, da lokaci, da wanda ya taɓa saiti. Rajistar kan cika ta share tsofaffin bayanai, don haka a riƙa tura kwafinta zuwa wata kwamfuta da ba kowa ke iya shiga ba. A garin da ake yawan ɗauke wuta ana komawa janareta, dole a riƙa duba agogon na'urar, saboda rajista mai lokacin ƙarya ba ta zama hujja.

Wa wannan ya fi amfana? Ƙaramin ma'aikaci. Ranar da takardar sirri ta ɓulla a WhatsApp, masinja da sakatare ake fara kallo, domin su ne marasa gata. Inda kowa ke bugawa da lamba ɗaya, zargi kan faɗa kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Inda rajista ke aiki kuwa, kwamitin bincike yana da abin dubawa kafin ya rubuta sunan kowa.