Rigakafin Zazzaɓin Damina: Kai Magani Ƙofar Gida a Tafoki da Kewayenta

Gabatarwa

Tafoki ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Faskari, a kudancin Jihar Katsina. Ƙasa ce ta noma wadda take samun ruwan sama fiye da arewacin jihar, shi ya sa masara da dawa da auduga suke yin albarka a can. Amma ruwan da yake raya gona shi ne kuma yake raya sauro. Da zarar damina ta kankama sai zazzaɓi ya yawaita a tsakanin ƙananan yara. A daidai wannan lokaci ne hanyoyin ƙauye suke lalacewa, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kuɗin mota ya yi wuya. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, musamman daga 2019, sun mayar da tafiyar dare zuwa babban asibiti kamar na Funtuwa kasada. To, idan kai yaro asibiti yana da wuya, ta yaya za a kare shi tun yana gida? Wannan ita ce tambayar da za mu duba.

Yadda cutar take kama yaro

Wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya iya gani take haddasa zazzaɓin cizon sauro, kuma tamatar wani irin sauro mai suna anofilis ce take yaɗa ta. Wani likitan Ingila, Ronald Ross, shi ne ya gano ƙwayar a cikin sauro a 1897. Idan sauro ya ciji yaro, ƙwayar takan fara sauka a hanta ta hayayyafa. Daga nan sai ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Wannan ne yake kawo zafin jiki da rawar ɗari da ƙarancin jini, galibi kwana 10 zuwa 15 bayan cizon.

Babban mutum da ya sha fama da cutar, jikinsa ya riga ya sami ɗan ƙarfin yaƙarta. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa bai sami wannan kariya ba tukuna, saboda haka ciwon yana iya tsananta cikin kwana ɗaya, ya kai ga jijjiga da suma, har da rasa rai. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 kimanin kashi 31 cikin 100 na waɗanda cutar ta kashe a duniya a Nijeriya suke, kuma mafi yawansu ƙananan yara ne.

Dabarar rigakafin damina

Masana sun lura cewa a ƙasashen Sahel yawancin masu kamuwa da cutar cikin 'yan watanni kaɗan suke kamuwa. Sai suka yi tunanin cewa idan aka sa magani ya zauna a jinin yaro a tsawon waɗannan watanni, ƙwayar za ta mutu kafin ta yi ɓarna. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan dabara, bayan gwaje-gwaje sun nuna tana hana kimanin kashi 75 cikin 100 na kamuwa da zazzaɓin. A 2013 aka fara gwada ta a Nijeriya, a nan Jihar Katsina, tare da ƙungiyar Malaria Consortium.

Ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin sau ɗaya a wata, wato bayan kowane kwana 28, daga wajejen Yuli zuwa Oktoba. Magani iri biyu ne: salfadoksin-firimetamin, wanda jama'a suka fi sani da Fansidar, da kuma amodiyakwin. Kowane zagaye na kwana 3 ne. A rana ta farko mai rabon magani, wanda galibi ɗan yankin ne da aka horar, yakan bi gida-gida ya tsaya yaro ya sha duka biyun a gabansa. Sa'an nan ya bar wa uwa ƙwayoyin amodiyakwin guda biyu, ɗaya na rana ta biyu, ɗaya na rana ta uku.

Inda ake samun cikas

Ƙarfin maganin yana raguwa bayan mako 4, don haka yaron da ya tsallake wata guda ya koma cikin haɗari. Haka kuma uwar da ta ga ɗanta lafiya lau tana iya mantawa da ƙwayoyin da aka bar mata, ko ta ajiye su sai ranar da ya yi zazzaɓi, ko ta raba wa yayyensa. Duk wannan yana rage amfanin aikin. Iyalin da suka bar garinsu saboda rashin tsaro su ma suna iya rasa zagayen, sai fa idan an neme su a inda suka sauka.

Ya kamata kuma a sani cewa wannan rigakafi ne, ba maganin wanda ya riga ya kwanta ba. Yaron da yake da zazzaɓi a ranar rabo, ɗakin shan magani mafi kusa za a kai shi a gwada jininsa. Gwajin ba ya wuce minti 20. Idan kuwa ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ya fara jijjiga, to ba a kwana da shi a gida. Sa'an nan maganin bai ɗauke bukatar kwana cikin gidan sauro ba.

Aikin ɗalibai da malamai

Ɗalibin sakandare yana iya karanta katin da ake ba kowane yaro, ya ƙirga kwana 28, ya tuna wa mahaifiyarsa maganin rana ta biyu da ta uku. Malamin kimiyya kuwa yana iya sa ɗalibai su ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, su rufe bakinta da ƙyalle, su duba tsutsotsin sauro. Tsutsar anofilis takan kwanta a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa, ta sauron gama-gari kuwa takan rataya kanta ƙasa. A zubar da ruwan a kan busasshiyar ƙasa bayan darasi, domin cikin kamar mako 2 ƙwai yake zama sauro mai tashi.

Kammalawa

Gina asibiti da gyara hanya da samar da tsaro nauyi ne da ya rataya a wuyan hukuma, kuma babu abin da zai maye gurbinsu. Kafin su wadata, yaron Tafoki da ya sha maganinsa cikakke kowane wata, ya kwana cikin gidan sauro, ya fi samun damar ganin kaka da lafiyarsa. Ranar da masu rabo suka yi sallama a ƙofar gidanku, sai a fito musu da kowane yaro da shekarunsa suka dace.