Daɗi ga mawaƙi, jigata ga mai kyamara

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, mawaƙan Kannywood kan fara haɗa jaka. Wannan zai nufi Maraɗi da Damagaram, wancan Yamai, wani kuma Accra da Kumasi ko Garwa ta ƙasar Kamaru. Bayan mako guda sai ka ga matasa a Ƙaraye da Rogo sun yi cincirindo a shagon cajin waya ana tura masu bidiyon wasan. Kowa na yaba mawaƙi da tufafin sa. Amma fa ba a cika tambayar wanda ya tsaya da ƙafafun sa ya ɗauko hoton ba.

Wahalar tun daga hanya ta ke farawa. Daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya da Ɗan'isa, tafiya ce ta sama da kilomita 250. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuma akwai wasu fiye da 600. Wanda zai je Gana a mota kuwa sai ya ratsa Legas, ya tsallake iyakar Seme, ya wuce Kwatano da Lome, sannan ya shiga ta Aflao. Iyaka uku kenan, kuma a kowace sai an sauke kaya. Mawaƙi jakar sa tufafi ne da turare. Mai ɗaukar hoto kuwa kyamara ce da ƙafar ta, da fitilu, da batura, da wayoyi rututu. Don haka shi ne 'yan duwan da jandarmomi su ka fi tsarewa da tambaya: sayarwa za a yi? Ina takardar izinin ɗauka? Ga shi da Faransanci ake yi, shi kuma ko "bonju" da ƙyar.

A zamanin kaset, wajen shekarun 2000 zuwa 2008, abin ya fi tsanani. Ƙaramin kaset na Mini DV minti 60 ya ke ci. Wasan gala kuma sai a fara bayan isha'i a kai ƙarfe biyu na dare. Kenan dole mutum ya riƙa lissafin inda waƙa za ta ƙare don ya canza kaset, domin idan ya kuskura baitin da jama'a su ka fi so ya wuce, to fa ba a maimaitawa. A lokeshin darakta na iya cewa a sake. A filin wasa babu "a sake".

Yau katin memori ya maye gurbin kaset, amma aikin ƙaruwa ya yi. Idan an tashi daga wasa, mawaƙi ya tafi masauki ya miƙe ƙafa. Mai kyamara kuwa lokacin zai buɗe kwamfuta ya kwashe hotuna, ya sa batura a caji, ya yanko guntun da za a ɗora a Facebook da TikTok kafin gari ya waye. Da asuba kuma mota na jira. Ga zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a Nijar, ga ƙurar hunturu da ke shiga gilashin kyamara.

Siyasa ma kan taɓa sana'ar. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 an sake garƙame iyakar har zuwa Maris 2024. Duk wanda abincin sa ke kan wannan hanya ya ji a jikin sa.

To me ya sa ba su bari? Na farko dai akwai ido ya ga duniya. Yaron da ya koyi riƙon kyamara a bukukuwan aure na Rogo, ko a bakin dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, yau ga shi a Cibiyar Al'adu ta Oumarou Ganda a Yamai, zauren da aka sa wa sunan daraktan Nijar wanda ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972. Na biyu akwai karamci. A Nima ta Accra ko zangon Kumasi, Bahaushe ba ya baƙunta. Wanda kakan sa ya je fataucin goro zai tarbe ka da Hausa da tuwo. Sannan ga sefa da sidi, ga sababbin abokan hulɗa da za su kira ka aikin biki gobe. Zumuncin kuma ba ɓangare ɗaya ba ne: Fati Nijar daga Maraɗi ta zo Kano ta yi suna.

Sai dai akwai gyara. Yawancin tafiye-tafiyen nan da baki ake ƙulla su, ba takarda. Idan wasa bai yi kasuwa ba, mai kyamara ne farkon wanda za a ce ya yi haƙuri. Bidiyon kuma zai shekara ya na kawo kuɗi a YouTube, amma ko sunan sa ba a rubuta ba. Ya kamata furodusoshi da mawaƙa su yanke ladan aiki tun a Kano, su ɗauki nauyin kyamara idan ta lalace a hanya, kuma su sa sunan mai ɗauka a ƙarshen kowane bidiyo. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.