Ciwon Dajin Da Ake Tsaro, Ba A Gaggauta Masa Allura

Ya ku malamai da fatake na Dutsin-Ma da Kurfi, ku sani a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata tsoka kamar goro, likitoci na kiranta furostet. Idan girma ya zo, ciwon daji yakan kama ta. Shi kuwa iri-iri ne, wani mai gaggawa, wani mai nawa ƙwarai.

A 1941 likita Charles Huggins na Amurka ya nuna sinadarin mazakuta ke ciyar da wannan daji. Bayan haka aka sami allurar da ke tsayar da sinadarin. Tana taimakon wanda cutar ta bazu a jikinsa, amma tana kashe sha'awa, ta raunana ƙashi, ta kawo zufa. Saboda haka ba a yi wa mai ƙaramin daji ita, tsaronsa ake yi.

A Birtaniya an bi masu cutar 1,643 shekara 15. Sakamakon 2023 ya nuna cutar ba ta kashe kusan 97 cikin 100 ba, ko an yi musu aiki, ko gashi, ko sa ido kaɗai.

Amma tsaro ba sakaci ba ne. Akwai gwajin jini na PSA, da hoto, da ɗiban ɗan nama lokaci-lokaci, yadda mai hatsi ke leƙa rumbunsa gudun gara. Wanda ya kai shekara 45, ko fitsari ke ba shi wuya, ya je asibiti, in ta kama a tura shi Katsina ko Shika. Kada ya sayi allurar da kansa. Allah ya ba mu lafiya, amin.