Ramin Kwal Na Okaba: Gawayin Da Bai Iso Murhunmu Ba

 Duk uwargidan da ke Kankiya ko Kusada ta san yadda itace da gawayi suke cinye kuɗin cefane tun ba a zo kan kayan miya ba. Ga kurfoti nan a gidaje da yawa. To, ko kin san sunan nan kurfoti daga bakin Turawa muka aro shi, ma'anarsa kuwa tukunyar kwal? Amma yawancinmu ba mu taɓa ganin kwal ɗin da idonmu ba, gawayin itace muke zubawa.

Shi kwal kamar dutse yake, baƙi ƙirin, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi waɗanda ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi, nauyi da zafi suka matse su har suka ƙanƙare. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan, kada a tambaye ku a jarrabawa ku yi zuru.

A Nijeriya, a shekarar 1909 aka gano kwal a Udi kusa da Inugu, a 1916 kuma ya fara sauka Fatakwal ta jirgin ƙasa. Kada ki ce ina ruwanmu da Inugu. Gyaɗar da kakanninmu mata suka ɓare a tsakar gida, aka kai ta Kano a kan jakai da motoci, jirgin da ya ja ta zuwa Ikko da wutar wannan kwal yake tafiya. Wajen 1958 zuwa 1959, abin da ake haƙowa a shekara ya kai kimanin tan 900,000.

Ana nan sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Ramukan Inugu suka tsaya, aka rasa abin zuba wa jiragen da suka rage masu aiki da kwal. Dole ta sa Gwamnatin Tarayya ta waiwayi wani ƙauye a ƙasar Igala, kusa da Ankpa, wanda ake kira Okaba. A 1968 Hukumar Kwal ta Nijeriya ta buɗe rami a can. A lokacin wurin yana cikin Jihar Kwara, a 1976 ya koma Binuwai, tun 1991 kuma yana Jihar Kogi. Rami ɗaya, jihohi uku!

Aikin Okaba ya sha bamban da na Inugu. A Inugu maza kan shiga cikin duhun rami da fitila a goshi, matansu na gida gabansu na faɗuwa har su fito. A Okaba kuwa kwal ɗin bai yi nisa ba, sai dai a sa manyan injuna su yaye ƙasar da ke sama, kamar yadda kike yaye murfin tukunya, a kwashe shi a sarari. Sauƙi ke nan. Wahalar ita ce babu layin dogo a garin, sai an loda a manyan motoci an kai shi inda jirgi yake, kuɗin ɗauka kuma ya hau kan kuɗin kaya.

Ni a ganina, ramin nan ya zo ne kasuwa tana watsewa. Tun kafin yaƙi hukumar jiragen ƙasa ta fara sauya injunanta zuwa masu shan man dizal. An sami man fetur a Oloibiri tun 1956. A shekarar da aka buɗe Okaba ɗin ma, watau 1968, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, lantarki ya koma hannun ruwa. Manyan masu saye biyu ke nan suka juya baya. Yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, aka sake buɗe Inugu, amma ciniki bai koma yadda yake ba. Okaba ya yi ta jan ƙafa, yau aiki gobe babu. A 1999 aka ba kamfanoni masu zaman kansu damar shiga harkar, a farkon shekarun 2000 kuma aikin hukumar ya tsaya cik. Mutanen yankin sun daɗe suna kukan ramukan da aka bari a buɗe da ruwan rafi da ya gurɓace, kin kuwa san a wuyan wa neman ruwa yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk tsawon shekarun nan kwal ɗin bai zama abin girkinmu ba. Ki tuna ƙarancin kananzir na shekarun 1990, lokacin da murhun nan da ake kira Abaca ya cika gari. Me muka zuba masa? Gawayin itace, kwal kuwa yana kwance a ƙasa.

Sai dai a faɗi gaskiya, ɗanyen kwal ba abin da za a jefa a murhu haka kawai ba ne. Yana da wuyar kamawa, hayaƙinsa mai kauri ne, yana warin farar wuta, yana kuma illa ga ƙirji, balle na yara. Sai an niƙa shi an sarrafa an dunƙule, kamar yadda aka daɗe ana yi a ƙasar Sin, kuma ko a can hayaƙin ya cutar da mata masu girki. Shi ko gawayin namu na itace, kada a kwana da shi a ɗaki rufe lokacin hunturu, yana kisa ba a ji ba a gani.

Yanzu kamfanoni ne ke haƙar kwal a wasu ƙauyukan ƙasar Ankpa, yawancinsa kuma masana'antun siminti yake tafiya. Watau bai shigo madafinki ba, amma mai yiwuwa da wutarsa aka gasa simintin da aka yi miki daɓen ɗaki.