A Duba Birkin Tarakta Kafin Jigilar Kaka

Damina ta ja baya a ƙasar Dutse. Taraktocin da suka sha huɗa a gonakin Kiyawa da Jahun yanzu za su hau titi, suna jan tirela cike da gero zuwa kasuwar Shuwarin. To, a nan hatsarin yake.

Ita tarakta, irin su Massey Ferguson, birki biyu gare ta, na dama da na hagu. A gona direba yakan taka guda ɗaya don ya juya a ƙarshen kunya, galibi kuwa gefe ɗaya ya saba. Kafin kaka wannan ya cinye, ɗayan yana nan garau. In ya taka su tare a titi da kaya, sai tarakta ta fizge gefe, har takan kife. Lalle makaniki ya daidaita su, kana a haɗe su da sakatarsu kafin a bar gona.

Duba fambel kuwa aikin minti ɗaya ne. A kashe inji, a danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da rabin inci, ya saki: lagireto zai tafasa, batir ba zai cika ba. Sai a ɗaure. Wanda ya tsattsage a sake shi tun a gida.