Tsohuwar Kyamara Da Kayanta: Me Za Mu Yi Da Su?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani kwali da muka tarar a siton makaranta lokacin sharar ƙarshen zango. A cikinsa akwai kyamara biyu, da filasha, da sandar nan mai ƙafa uku, da kwalabe uku na maganin wankin hoto, sai kuma ambulan masu yawa cike da baƙin fim, wanda masu hoto suke kira nagatif. Wani ɗalibi ya ce, "Malam, a ba 'yan gwangwan ƙarfen, ledojin nan kuwa a haɗa da shara a ƙone." Ban ga laifinsa ba, gama tun da aka haife shi bai taɓa ganin an ɗauki hoto da wani abu ban da waya ba. Amma da mun bi shawararsa, da mun sayar da abu mai daraja a banza, mun kuma ƙone abin da kuɗi ba ya saya.

Na tabbata irin wannan kwali yana nan a gidaje da majami'u da dama daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo. Saboda haka nake so in bayyana yadda ya kamata a rarraba waɗannan kaya kafin a yanke shawara a kansu.

Yadda kayan suka tsufa

Iyayenmu za su tuna yadda hoto yake a da. Ran Kirsimeti, ko ran biki, ko ran ba da kyaututtuka a makaranta, mai hoto yakan zo da kyamara a wuya. Fim ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36, don haka ba a ɗauka barkatai. Sai kowa ya gyara tsayuwa, ya daina motsi. In fim ya cika, a shiga mota a kai shi Kano wanki, mu kuwa mu yi ta jira. In an yi rashin sa'a ka rufe ido a hoton, sai haƙuri.

Wannan hanya ta daɗe. A 1888 ne George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak mai amfani da naɗaɗɗen fim, wadda ta sa wanda ba gwani ba ma ya iya ɗaukar hoto. Abin mamaki, a kamfanin Kodak ɗin ne wani injiniya mai suna Steven Sasson ya ƙera kyamarar hannu ta dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim, a 1975. Sannu a hankali sabuwar hanyar ta cinye tsohuwar. Kodak ya daina yin sanannen fim ɗinsa na Kodachrome a 2009, a watan Janairu na 2012 kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi, ko da yake ya farfaɗo a 2013. A nan wajenmu wayar hannu ce ta ƙarasa aikin.

Duk da haka fim bai mutu ba. Kodak da kamfanin Ilford na Ingila suna yinsa har yanzu, a 2024 ma an fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Sai dai fim ya yi tsada, wuraren wanki kuma sun yi ƙaranci ƙwarai.

Mene ne nagatif?

Fim wata siririyar leda ce da aka shafa wa wani irin danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi. A cikin danƙon akwai ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda haske yake canzawa. In aka danna kyamara, ƙofarta takan buɗe ta rufe cikin ƙiftawar ido, haske ya ratsa gilashi ya fāɗa a kan fim. A ɗakin duhu sai a tsoma fim cikin magani na farko, wanda yake fito da siffar, sa'an nan a tsoma shi cikin na biyu, wanda yake wanke sauran azurfar da haske bai taɓa ba domin siffar ta zauna.

Abin da ya fito shi ne nagatif. A jikinsa fari yakan zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga gare shi ake buga hoto a takarda, ko ɗaya ko ɗari. Wato nagatif shi ne uwa, hotunan da ke cikin albam 'ya'ya ne. In hoton takarda ya yage, ana iya buga wani. In nagatif ya ƙone, hoton takarda kuma ya lalace, shi ke nan, fuskar ta tafi. Kyamara kuwa kamfani ya yi dubbai irinta. Wannan shi ne ma'aunin da za mu yi aiki da shi: a fara ceton abin da ba shi da na biyu.

Kashi na farko: nagatif da hotuna

Waɗannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na ƙonawa ba. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A Birnin Benin an yi wani mai hoto, Solomon Osagie Alonge, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1994, ya yi wa fadar Oba da mutanen gari hoto shekara da shekaru. Saboda an adana nagatif ɗinsa, yau suna gidan tarihi na Smithsonian a Amurka, an kuma yi nunin hotunan a can a 2014. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya ɗauki hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu tun daga 1968. Malick Sidibé na Bamako a ƙasar Mali, mai hoton samari da bukukuwa ne kamar namu na gida, amma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin zane-zane na Venice a Italiya. Dukansu abin da ya ɗaukaka su shi ne akwatunan nagatif da ba a zubar ba.

Abokan gaban nagatif a ƙasarmu guda huɗu ne: zafin bazara, laimar damina, ƙurar hunturu, da ƙwari. Zafi yana sa launi ya kwaɗe, musamman a fim mai kala, wanda ba ya jurewa kamar baƙi da fari. Laima tana kawo funfuna, ta kuma manne fim da juna. Ƙura tana karce shi. Kyankyaso yana cin danƙon, gara kuma ta ci ambulan. Saboda haka:

1. A riƙe nagatif ta gefe da busasshen hannu mai tsabta. Kada a goge shi da tsumma ko ruwa.

2. A sa shi cikin ambulan na takarda, kada a ƙulle shi cikin leda. A ajiye a akwati mai murfi, a ɗaga daga ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi. Kada a ɗora kusa da rufin kwano.

3. In an ji wani yana warin tsami, ko an ga ya fara lanƙwashewa, ledarsa ce ta fara ruɓewa. A ware shi daga sauran, gama tururinsa yana gaggauta lalacewar na kusa da shi, a kuma fara kwafe shi kafin kowanne.

4. Fim ɗin da aka yi kafin wajen 1951 yana iya zama irin na da mai saurin kama wuta. Wanda ba shi da wannan haɗari sau da yawa an rubuta masa SAFETY a gefe. In ana shakka, a nisanta shi da wuta da rana.

5. A kwafe su. Ana iya ɗora nagatif a kan farin haske, a ɗauke shi da waya, a juya launinsa da manhaja. Na'urar sikanin ta fi fito da shi sarai. A ajiye kwafin a wuri biyu ko uku, amma kada a zubar da na asali, gama waya takan ɓace, memori yakan mutu.

Akwai aiki na shida wanda ya fi sauran gaggawa, wato rubuta sunaye. Hoton da ba a san ko su wane ne a ciki ba ya rasa rabin amfaninsa. Ku zauna da kakanninku, da dattawan ikilisiya, da iyayenmu na zumuntar mata, ku tambaye su: wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara ce? Ku rubuta da fensir a bayan hoto ko a jikin ambulan, kada ku yi da biro domin tawada tana ratsawa. Nagatif yana iya jiran shekara goma, amma tsohon da ya san sunayen ba mu san kwanansa ba.

A kuma tuna cewa fuskokin mutane ne. Kafin a watsa hoton wani a intanet, ko a ba baƙo, sai a nemi iznin iyalinsa. In hotuna sun shafi tarihin gari, ana iya tuntuɓar Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, a ba su kwafi ko a nemi shawararsu.

Kashi na biyu: kyamara da gilasanta

Kafin kome, kada a buɗe bayan kyamara. Mai yiwuwa akwai fim a ciki wanda ba a wanke ba, haske kuwa zai shafe shi nan take. A fara juya maɗaurin da ke naɗe fim baya a hankali. In an ji nauyi, akwai fim, sai a naɗe shi duka kafin a buɗe. Tsohon fim irin wannan yakan ba da hoto ko bayan shekaru masu yawa.

Bayan haka a cire batir, a duba ko ya yi yoyo. A danna a ji ko ƙofar tana buɗewa tana rufewa. A ɗaga gilashin a haske, in an ga zane kamar saƙar gizo a ciki, funfuna ce. A duba soson da ke gefen murfin baya, wanda yakan narke ya bar haske ya shiga. Wannan gyara ne mai sauƙi.

Sa'an nan a yi tambaya: ana samun fim ɗinta? Masu cin fim na milimita 35, irin su Pentax K1000, da Canon AE-1, da Zenit ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, har yanzu ana samun nasu. Haka ma Yashica mai ido biyu, wadda take cin fim mai lamba 120. Amma Instamatic mai cin lamba 126, Kodak ya daina yin fim ɗinta tun 1999.

In kyamara tana da lafiya, hanya biyu ce. Ko dai a riƙe ta don koyarwa, ko a sayar wa wanda ya san darajarta. Kada a sayar da ita da nauyin kilo. A nemi sunanta da lambarta a intanet a ga yadda ake ciniki. A kuma sani cewa wani lokaci gilashin ya fi jikin kyamarar kuɗi, gama ana iya ɗaura shi a kan kyamarorin zamani.

In ta mutu, ɗakin kimiyya ne gidanta. Malamin fiziks yana zana yadda haske yake ratsa gilashi ya kifar da siffa, amma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya leƙa ta bayan kyamara, ya ga bishiya a kife a jikin farar takarda, ba zai manta da darasin ba. Sandar mai ƙafa uku kuwa ba ta tsufa, da ɗan maƙali za ta riƙe waya ran taro.

Kashi na uku: abubuwa masu haɗari

Magungunan wanki da suka daɗe sun riga sun lalace, kuma dafi ne. Kada a zuba su kusa da rijiya ko kududdufi, gama wanda aka yi aiki da shi yana ɗauke da azurfa mai kashe halittun ruwa. Kada a wanke kwalaben a zuba mai ko ruwan sha. A toshe su, a rubuta gargaɗi, a miƙa wa malamin kemistiri. Waɗansu tsofaffin ƙananan batura suna ɗauke da zaiba, saboda haka kada a jefa su wuta ko a bar yara su yi wasa da su. Filasha ma kada yara su kwance ta, tana iya riƙe wutar lantarki mai ƙarfi ko bayan an cire batir.

Abin da muka yi da namu

Kyamara ɗaya tana aiki, mun ba ƙungiyar kimiyya. Ɗayar ta mutu, tana kan tebur a ɗakin gwaje-gwaje. Kwalaben suna kulle a kabad. Nagatif kuwa mun fara kwafewa, mun ga aji-aji na ɗaliban da yanzu waɗansunsu iyayenku ne, da malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da filin makaranta tun bishiyoyin nan ba su kai tsayin mutum ba. Fuskoki da yawa har yanzu ba mu san sunayensu ba.

Saboda haka ina roƙon tsofaffin ɗalibai da iyaye, duk wanda ya zo makaranta ya leƙo ya taimake mu da sunaye. Ku kuma ɗalibai, ga aikin hutu: ku tambaya a gida ko akwai irin wannan kwali. In akwai, ku ɗaga shi daga ƙasa, ku cire batir, ku zauna da tsoho da fensir a hannu. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Allah ya ba mu hikimar riƙe amanar da aka bar mana. Amin.